Tsohuwar Sabar Gida Ta Gaji: Ina Za a Kai Hotunan Iyali?

A watan Janairun 2007 Bill Gates ya hau dandamali a baje kolin kayan lantarki na CES, wanda ake yi duk shekara a birnin Las Vegas na Amurka, ya tallata wata sabuwar haja mai suna Windows Home Server. Dabarar ita ce kowane gida ya mallaki kwamfuta guda wadda ba ta barci. Ba a zama gabanta a yi rubutu, ko allo ba ta da shi. Aikinta ta riƙe hotuna da waƙoƙi da finafinai da takardun mutanen gida, da dare kuma ta bi kwamfutocin gidan ɗaya bayan ɗaya, har guda goma, ta kwafe abin da ke cikinsu. Kamfanin HP ya ƙera mata akwati na musamman, MediaSmart, mai gurbin faifai huɗu. Microsoft har wani ɗan littafin barkwanci ya buga, mai zane irin na yara, na yi wa yaro bayanin abin da ya kawo saba cikin gidansu.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. A ƙarshen 2010 Microsoft ya ce zai cire Drive Extender daga sabon zubin manhajar, wato sashen da ke haɗe faya-fayai masu girma dabam-dabam su zama rumbu ɗaya, kuma shi ne abin da masu saye suka fi so. Ba a yi wata guda ba HP ya fice daga kasuwar. A 2012 aka tabbatar da cewa babu wani zubi da zai sake fitowa, a Afrilun 2016 kuma tallafin na ƙarshen ya ƙare. Su kuwa akwatunan ba su san an yi ba. Suka ci gaba da gurnani a ƙarƙashin tebura, ɗauke da hotunan biki da na suna na shekara da shekaru, alhali wanda ya yi su ya riga ya juya musu baya.

Ba kowa ne ya sayi irin wannan akwati ba. Mafi yawan sabobin gida tsofaffin kwamfutocin tebur ne da aka yi wa ritaya daga aikin yau da kullum, aka cusa musu faifai biyu ko uku, aka jona su da waya zuwa na'urar raba intanet, aka manta da su. Haka mai ɗaukar hoto ke yi a situdiyonsa, haka ƙaramin ofishin lauya ko na mai zanen gine-gine. Shekara takwas ko goma bayan nan sai fanka ta fara kuka, na'ura ta riƙa mutuwa da kanta, mai ita ya fara tunanin canji. A yau amsar da mutane da yawa ke kaiwa gare ta ita ce akwatin ajiya mai jonuwa da layin sadarwa na gida, wanda aka fi sani da NAS.

Tsufa iri biyu

Tsufan ƙarfe shi ne wanda kunne ke ji. Faifan ajiya na gargajiya faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da allura mai shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Abin da ke juyi irin wannan dare da rana dole wata rana ya tsaya. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai sana'ar adana wa mutane bayanai, ya wallafa abin da ya gani a faifansa fiye da 25,000 a 2013: a wata goma sha takwas na farko kashi 5.1 cikin ɗari ne ke mutuwa a shekara, a wata goma sha takwas na biyu adadin ya faɗi zuwa 1.4, da aka haye shekara uku kuwa sai ya yi tsalle zuwa 11.8. Kimanin kashi 80 ne suka kai shekara huɗu da rai. Faya-fayan zamanin nan sun fi waɗancan ƙarko, don kamfanin ya ce a shekarar 2024 kashi 1.57 ne suka mutu a cikin nasa, amma darasin bai sauya ba ga wanda faifansa ya shekara goma yana juyi.

Akwai tsarin sa ido da ake kira SMART a cikin kowane faifai, wanda ke ƙirga kurakurai ya yi gargaɗi. Yana da amfani, sai dai ba a dogara da shi ɗari bisa ɗari. Injiniyoyin Google sun nazarci faifai sama da 100,000 suka fitar da sakamako a 2007. Faifan da ya nuna kuskuren farko wajen binciken farantinsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana sittin ta ninka ta lafiyayye sau 39. Wannan ya nuna gargaɗin gaskiya ne. Amma kashi 36 na waɗanda suka mutu ba su yi ko tari ba kafin su tafi.

Ɗaya tsufan kuma ba ya ƙara, kuma ya fi haɗari. Shi ne ranar da kamfani ya daina aiko wa manhaja gyara. Windows 7 ta kai wannan rana a Janairun 2020, Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Na'urar za ta tashi lafiya lau, ta buɗe fayiloli yadda ta saba, amma duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga ranar tana nan a buɗe har abada. Masu akwatin My Book Live na kamfanin Western Digital sun ɗanɗana wannan a watan Yunin 2021. Rabon da kamfanin ya sabunta manhajar akwatin tun 2015. Mutane a ƙasashe dabam-dabam suka wayi gari suka tarar da akwatunansu fayau: wasu daga nesa sun aiko da umarnin mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta. Shawarar gaggawa da kamfanin ya iya bayarwa ita ce kowa ya zare wayar intanet.

Abin lura a nan, My Book Live ɗin shi ma ɗan gidan NAS ne. Sauya akwati ba ya raba mutum da tsufa, agogon kawai ake mayarwa farko.

Mene ne a cikin akwatin?

NAS ƙaramar kwamfuta ce da aka rage wa komai sai aikin ajiya. A gabanta akwai gurabe, biyu ko huɗu ko fiye, da ake zura faifai a ciki. A bayanta ramin wayar sadarwa da na wuta. Ana sarrafa ta daga waya ko kwamfuta ta hanyar shafi irin na intanet, kuma duk na'urar da ke gidan tana ganin ta a matsayin jakar fayiloli. Kamfanoni biyu na ƙasar Taiwan ne suka fi suna a wannan kasuwa: Synology, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Microsoft biyu suka kafa a 2000, da QNAP da ya zo a 2004. Akwai kuma Asustor da TerraMaster, da Ugreen da ya shigo daga baya.

Galibi fanko ake sayar da akwatin, faifai daban ake saye. Wanda bai san haka ba yakan yi murnar araha, sai ya gano cewa kuɗin faya-fayan ya kai ko ya fi na akwatin.

Abin da mutum ke saye a gaskiya shi ne hutu. Tsohuwar saba tana buƙatar mai ita ya zama makanikinta: shi zai sabunta manhaja, shi zai tuna yadda ya tsara abubuwa shekara bakwai da suka wuce. Idan ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, babu wanda ya san kanta a gidan. Akwatin NAS yana sabunta kansa, yana aika saƙo idan faifai ya fara ciwo, kuma mutumin da ba gwani ba zai iya zare mataccen faifai ya zura sabo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa hotunan na iyali ne duka, ba na mai sha'awar kwamfuta shi kaɗai ba.

Lissafin wuta

A nan ne tsohuwar saba ke faɗuwa warwas. A ɗauka tana jan wat 100, adadin da ba baƙo ba ne ga tsohuwar kwamfutar tebur mai faifai da yawa. Shekara tana da awa 8,760, wato yunit 876 na lantarki ke nan. Akwatin Synology mai gurbi biyu, samfurin DS224+, kimanin wat 15 yake ja yana tsaka da aiki, bisa alƙaluman kamfanin, ƙasa da wat 5 kuma idan faifansa sun yi barci. Ko da bai taɓa barci ba, yunit 131 zai ci a shekara.

A Najeriya, lokacin da hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kuɗin wutar shekara ya zama kusan naira 197,000 a gefe guda da naira 29,500 a ɗaya gefen, idan har na'urar ta kwana ta wuni a kunne. Ga mai sola da inbata lissafin ya fi fitowa fili. Wat 100 na tsawon dare mai awa goma sha biyu yunit 1.2 ne. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yunit 2.4 yake ɗauka a takarda, kuma rabinsa kawai ake so a zuƙe idan ana son ya daɗe. Ke nan tsohuwar sabar ita kaɗai tana shanye batir guda kowane dare, kafin a yi zancen fanka da fitila.

Wutar da ke ɗaukewa ba sallama kuwa ita ce babbar maƙiyiyar duk wani abin ajiya. Idan ta yanke ana tsakiyar rubutu a faifai, fayil na iya lalacewa, wani lokacin ma tsarin rumbun gaba ɗaya. Don haka ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana, ba kayan ado ba ne, a cikin kasafin akwatin ya kamata a sa shi. Wanda ya fi dacewa shi ne mai ramin USB da ake jonawa da NAS ɗin, ta yadda idan batirin ya kusa ƙarewa zai sanar da akwatin ya rufe kansa cikin natsuwa. Sai zafi da ƙura. Yawancin waɗannan akwatuna an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, ma'aunin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke tsallakewa a watan Afrilu. Wurin da iska ke ratsawa ake ajiye su, ba cikin rufaffen kabad ba, kuma bayan hunturu a kakkaɓe musu ƙura.

Ba kowane faifai ba

A Afrilun 2020 aka bankaɗo cewa Western Digital yana sayar da wasu faya-fayansa na jerin WD Red, masu girman terabayit 2 zuwa 6, da wata fasaha mai suna SMR ba tare da ya faɗa ba. A wannan fasaha layukan rubutu suna hawa gefen juna don a samu ƙarin wuri, saboda haka gyara layi ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Wajen ajiye fim a bar shi babu matsala. Amma idan aka sa irin wannan faifai ya yi rubutu na awanni ba hutu, kamar lokacin da ake cike gurbin wanda ya mutu, sai ya yi sanyi ƙwarai, har wasu akwatuna su ɗauka ya mutu su fitar da shi. Abin haushin, jerin Red ɗin an yi shi ne musamman don NAS. Bayan ƙorafi da ƙararraki a kotu, kamfanin ya ware masu tsohuwar fasahar CMR ya sa musu suna Red Plus. Mai saye a yau harufan nan uku, CMR, zai nema a bayanin faifai kafin ya biya.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu. Faifan da aka rubuta wa terabayit 4 zai nuna kimanin 3.6 a kwamfuta; ba cuta ba ce, masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024. Sannan faifai biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya, suka yi aiki iri ɗaya a zafi ɗaya, suna iya mutuwa kusa da juna, shi ya sa masu taka-tsantsan ke saye daga shaguna biyu.

Kuskuren da ya fi cin mutane

A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa maƙalar da ta yaɗa tsarin RAID: a haɗa faya-fayai masu araha da yawa ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tafi da bayanai ba. Kusan kowane NAS da shi yake aiki. A RAID 1 faifai biyu suna ɗauke da abu ɗaya, don haka masu terabayit 8 guda biyu terabayit 8 kawai za su bayar. A RAID 5 faifai huɗu masu 8 suna ba da 24, kuma ɗaya na iya mutuwa ba a yi asara ba. RAID 6 yana jure mutuwar biyu, ya bar wa mutum 16.

Daga nan ne mutane ke cewa sun huta, suna da kwafi. Ba su da shi. RAID tamkar akawu biyu ne a shago ɗaya, kowa da littafinsa, duk abin da mai shago ya faɗa su rubuta tare. Idan ɗaya ya kwanta ciwo ciniki bai tsaya ba. Amma idan mai shagon ya ce a soke shafi bisa kuskure, tare za su soke, idan kuma gobara ta tashi littattafan biyu a ɗaki ɗaya suke. Fayil ɗin da aka goge, ko manhajar 'yan fansa ta kulle, ko tsawa ta ƙone akwatinsa, ko ɓarawo ya saɓa a kafaɗa, RAID ba shi da abin da zai yi masa.

Kamfanin finafinai na Pixar ya ga haka a 1998. Wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 na aikin fim ɗin Toy Story 2 ya ɓace daga sabar kamfanin ana kallo. Aka juya ga kwafin ko-ta-kwana, aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. A cikin barguna aka naɗe kwamfutar aka kawo ta ofis a mota.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A aikace, NAS ɗin ɗaya ne, faifan USB da ake jonawa a kwafa a zare shi ne na biyu, na uku kuma faifai ne a gidan ɗan'uwa ko ma'ajiyar wani kamfani ta intanet. Inda data ke da tsada ba sai an tura komai ba. Finafinan da za a iya sake samu su zauna a gida, takardun fili da shaidar karatu da hotunan iyayen da suka rasu su ne ke cancantar kwafi na uku. Akwatunan da ke amfani da tsarin fayil na Btrfs ko ZFS suna kuma iya ɗaukar hoton yadda rumbun yake kowace awa ko kowace rana, wanda ke ba da damar komawa jiya idan yau ta ɓaci. Kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da fayil daga kwafin a gani, abin da Pixar bai yi ba ke nan.

Ranar ƙaura

Babu ranar da bayanai ke cikin haɗari kamar ranar da ake kwashe su. Tsohon faifan da ya saba da ɗan aiki kaɗan za a sa shi ya karanta duk abin da ke cikinsa a zama ɗaya, kuma da yawa a nan suke cikawa. Manya ma ba su tsira ba. A Maris ɗin 2019 shafin sada zumunta na Myspace ya amsa cewa wajen sauya saba ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50.

Saboda haka tsarin aikin yana da muhimmanci. Sababbin faya-fayai ake fara gwadawa, a bar su su yi cikakken binciken kansu, tunda alƙaluman Backblaze sun nuna jarirai ma na mutuwa. Sannan a fara kwashe abin da ba shi da madadi, hotuna da takardu, kafin a zo kan finafinai. Idan tsohon faifan zai mutu a hanya, gara ya mutu bayan an fitar da masu daraja. Kwafa ake yi, ba a yanke a liƙa, domin asalin ya zauna inda yake. Jan jaka da linzami daga taga zuwa taga kuwa ba ya wadatarwa ga fayil dubu ɗari, don fayil ɗaya mai matsala na iya tsayar da aikin da tsakar dare. Akwai manhajojin da aka yi don wannan: Robocopy da ke cikin Windows, da rsync da ake amfani da ita a Linux tun 1996. Suna ci gaba daga inda aka tsaya, suna kiyaye kwanan watan fayil, suna rubuta sunan duk wanda ya ƙi kwafuwa. Ita rsync tana ma iya auna kowane fayil da kwafinsa ta tabbatar ba su bambanta ba.

A yi da waya, ba Wi-Fi ba. Layin gigabit yana ɗaukar kimanin megabayit 110 a daƙiƙa, wato terabayit guda cikin awa biyu da rabi, terabayit 8 cikin kusan awa ashirin, kuma ƙananan fayiloli masu yawa sun fi haka jan lokaci. Idan akwai tsohuwar na'ura mai gudun megabit 100 a tsakani, terabayit ɗaya tak zai ci yini da kwana.

Abin da aka fi mantawa shi ne ayyukan da tsohuwar sabar ke yi a ɓoye. Wataƙila ita ke raba firinta, ita ke karɓar hoton kyamarar tsaro, ita ke kwafe wayar uwargida duk dare. Sai an kashe ta ake gane su. Dabarar ita ce a kashe ta a bar ta a wurinta, da faifanta yadda suke, wata ɗaya ko biyu.

Ƙofar intanet

Daɗin NAS shi ne mutum yana Abuja ya buɗe fayil ɗin da ke ɗakinsa a Zariya. Nan kuma ɓarayi ke shigowa. A Afrilun 2021 wata manhajar fansa mai suna Qlocker ta bi akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet, ta ƙulle fayilolin mutane da kalmar sirri, ta nemi kimanin dala 500. A Janairun 2022 DeadBolt ta biyo baya tana neman kusan dala 1,100, wata guda bayan nan ta faɗa wa na Asustor. Synology ya sha nasa tun 2014 a hannun SynoLocker. 'Yan sandan Holan sun ɗan rama wa mutane a kan masu DeadBolt a Oktoban 2022: suka riƙa tura kuɗin fansa na bitcoin, da mabuɗi ya fito sai su janye kuɗin kafin cinikin ya tabbata. Mabuɗai sama da 150 suka ƙwato kafin ɓarayin su farga.

Kariyar ba ta da wuya. Kada a buɗe wa akwatin ƙofa kai tsaye a na'urar raba intanet, a kuma kashe UPnP, tsarin da ke ba na'urori damar buɗe wa kansu ƙofa. A rufe asusun shugaba da akwatin ya zo da shi a ƙirƙiri wani, a sa tantancewa mai mataki biyu, a bar sabuntawa ta riƙa shiga da kanta. Mai son shiga daga nesa ya bi ta rufaffiyar hanya ta VPN, irin su WireGuard ko Tailscale. Idan kuma wata tsohuwar na'ura a gidan ta ƙi ganin sabon akwatin sai an kunna mata SMB1, a tuna cewa ta wannan tsohuwar hanya ce manhajar fansa ta WannaCry ta ratsa duniya a Mayun 2017. Kunna ta bayan an gama duk sauran tsare-tsare, an yi ba a yi ba ke nan, rufe ƙofa da ɓarawo.

Inda akwatin ke gazawa

Ƙwaƙwalwar yawancin NAS ƙarama ce. Wanda tsohuwar sabarsa ke sauya zubin fim nan take don ya dace da waya, ko take ɗauke da manhajoji masu nauyi, zai iya jin an rage masa ƙarfi. Da yawa sukan raba aikin biyu: akwati ya riƙe bayanai, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai cin wuta kaɗan ta yi lissafi.

Sai dogaro da kamfani. Apple ya daina yin akwatin ajiyarsa na Time Capsule a 2018. Drobo, wanda masu ɗaukar hoto suka so ƙwarai, ya durƙushe bayan uwar kamfaninsa ta shiga fatara a 2022, ga shi faifansa ba ya karantuwa cikin sauƙi sai a wani Drobo ɗin. A 2017 aka gano aibi a ƙwaƙwalwar Intel Atom C2000 da ke hana na'ura tashi bayan an daɗe ana amfani da ita, ya shafi akwatuna irin su DS1815+ na Synology. A 2025 kuma Synology ya ce sababbin akwatunansa na jerin Plus faifan da ya amince da su kawai za su karɓa, galibi masu tambarinsa. Masu saye suka yi ca, a watan Oktoba ya sassauta. Tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: idan akwatin ya mutu faifan suna lafiya, za a iya karanta su a wata kwamfuta? A na Synology ana iyawa, don a kan tsarin Linux aka gina shi.

Mai son riƙe linzami da kansa yana da TrueNAS, wadda ta samo asali daga FreeNAS ta 2005, da OpenMediaVault, duka kyauta, da Unraid ta kuɗi. Suna mayar da kwamfuta ta zama NAS. Sai dai ɗora su a kan tsohon ƙarfen nan mai shekara goma tsufa ɗaya kawai ya magance, kuɗin wuta da gajiyar kayan ciki suna nan. Kuma a faɗi gaskiya, wanda duk abin da ya mallaka bai kai terabayit ɗaya ba, kuma shi kaɗai ke amfani da shi, faifan USB biyu da yake musanyawa sun ishe shi.

Tsohon faifai kuma fa?

Goge fayil ko yi wa faifai fomat na gaggawa ba ya share komai, sunayen kawai yake cirewa daga jeri. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi faifai 158 na hannu suka wallafa abin da suka gani a 2003. Guda 129 suna aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada, suna bin sawun tarkacen lantarki a Ghana, suka sayi faifai a kasuwa kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na kamfanin Northrop Grumman na Amurka a ciki.

Faifan da za a sayar ko a bayar kyauta sai an rubuce shi kaf daga farko zuwa ƙarshe. Manhajoji irin su nwipe da DBAN suna yin haka, kuma zagaye ɗaya ya wadatar ga faifan zamani, ko da yake mai terabayit 4 zai ci kusan kwana guda. Wanda ya riga ya mutu ba zai rubutu ba, amma farantansa na ɗauke da komai, kuma masu gyara na iya dasa su a wani jikin. Shi sai a huda shi da dirila wuri uku ko huɗu ta kan farantan kafin a miƙa wa 'yan gwangwan.